Littafin Kofato: Bayanin Cututtukansa da Rarrabewa Tsakaninsu

Da sunan Allah muke farawa, gare shi muke neman taimako. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ka sani ya kai ɗan'uwa mai neman sani, Allah ya datar da mu da kai, waɗansu almajirai waɗanda iyayensu ke da doki a turke, da waɗanda ke hidimar barga a gidajen sarauta, sun roƙe ni in tattara musu magana a kan ciwon kofato da harshen Hausa. Dalilinsu kuwa shi ne littattafan baiɗara na Larabci sun yi wuyar samu, abin da likitocin dabbobi suka gano a wannan zamani kuma yana rubuce da harsunan da ba su karanta ba. Na amsa musu gwargwadon abin da ya sauwaƙa.

Wannan fanni yana da asali wurin magabata. Ibnu Ahi Hizam, wanda ya yi hidimar dawakin Abbasiyawa a ƙarni na 3 na Hijira, ya wallafa littafi a kan hawa da baiɗara. Bayansa Abubakar ɗan Badaruddini, baiɗarin bargar Sarkin Masar Annasiru Muhammadu ɗan Ƙalawun, ya wallafa Kamilus Sina'ataini, ya rasu shekara ta 741, watau 1340 ta Miladiyya. Daga Larabawa zan ari sunayen waɗansu cututtuka inda sunan ya fi gajarta. Daga likitocin yau zan ɗauki bayanin sababi, domin su an ba su madubin da ke nuna ƙwayoyin cuta da hoton da ke ratsa ƙashi, abin da na farko ba su samu ba.

Malamanmu na Malikiyya sun ce ciyar da dabba wajibi ne a kan mai ita idan babu makiyaya, ba a kuma ɗora mata abin da ba ta iyawa, in ya ƙi sai a sayar da ita. Shehu Halilu ya kawo wannan a babin nafaƙa. To, hawan doki mai ciwon kofato yana cikin ɗora masa abin da ba ya iyawa, mutum kuwa ba ya kiyaye haƙƙin da bai san iyakarsa ba. Abin da nake so ka riƙe tun farko shi ne ɗingishi ɗaya ne ga ido, amma sababinsa da yawa. Akwai ciwon da in an huda kofato doki ya miƙe kashegari, akwai wanda in an huda an ƙara masa azaba, watakila an kashe shi. Rarrabe su kuwa yana hannun duk wanda ya yarda ya sunkuya ya ɗaga ƙafa, ya taɓa, ya sansana.

Fasali a kan halittar kofato

Kofato akwati ne na ƙaho, cikinsa da ƙashi da nama mai rai da jini mai yawa. Abin da kake gani doki yana tsaye shi ne bango. Yana tsirowa daga inda gashi ya haɗu da ƙaho, wurin da za mu kira rawanin kofato, yana saukowa kimanin milimita 6 zuwa 10 a wata, watau tsawon ƙwayar wake. Saboda haka ƙahon da ya tsiro yau ba ya isa ƙasa ta goshin kofato sai bayan wata 9 zuwa shekara. Ka riƙe wannan lissafi, domin shi ke nuna maka cewa wanda ya yi maka alkawarin warkar da tsagar bango a mako biyu ya yi maka ƙarya.

Idan ka ɗaga ƙafa za ka ga tafi, shi kuwa a lafiyayyen doki yana da ɗan zurfi kamar tasa. Tsakiyarsa ta wajen dunduniya akwai wani abu mai kusurwa uku mai danƙo, Larabawa suna ce masa nasru, mu za mu ce masa matashi, domin shi ke rage girgizar taku. Yana da kwari a tsakiyarsa da kwari biyu a gefensa. Tsakanin tafi da bango akwai wani siririn layi mai haske, shi ne farin layi, nan ne ƙofar da cuta ta fi shiga. Can ciki kuma ƙashin ƙarshe na ƙafa ba a kan tafi yake zaune ba, rataye yake a jikin bango da waɗansu siraran ganyaye kimanin 600, na nama da na ƙaho sun sarƙu da juna kamar takardun littafi biyu da aka cusa cikin juna. Nauyin doki dukansa a kan waɗannan ganyaye yake, kashi 60 cikin 100 kuwa ƙafafun gaba ke ɗauka. Tsarki ya tabbata ga wanda ya rataye ingarma a kan abin da bai kai kaurin takarda ba.

Fa'ida: jama'a suna cewa farin kofato ya fi baƙi rauni. Waɗanda suka auna ƙarfin ƙahon ba su sami bambancin da za a kula da shi ba. Tabon jini ne ya fi fitowa a fari, shi ya sa ake zarginsa.

Fasali a kan yadda ake duba doki mai ɗingishi

Ka sa yaro ya ja shi da sassarfa a kan ƙasa mai tauri, ragama a sake, kai kana gabansa. In ciwon a ƙafar gaba yake, zai ɗaga kai sa'ad da mai ciwon ta taɓa ƙasa, ya sauke kai sa'ad da lafiyayyar ta taka. Da yawa su kan juya wannan su yi ta jinyar ƙafar da ba ta da komai. Sa'an nan ka ɗora tafin hannunka a bangon kofato huɗu ɗaya bayan ɗaya, da sassafe kafin rana ta dumama su, ka ji wanne ya fi zafi. Sa'an nan ka sa yatsa a bayan idon sawunsa, gefe da gefe, inda jijiyar jini ke gangarawa. A lafiyayyen doki da ƙyar za ka ji bugunta. In ta buga maka yatsa da ƙarfi, akwai wuta a cikin kofaton. Ka ƙidaya ƙafa nawa ne ke da zafi da bugu, domin kusan rabin hukunci yana cikin wannan ƙidaya.

Fasali a kan ruɓewar matashi

Wannan ita ce cutar damina, hanci kuma ke gane ta kafin ido. Ka kwashe ƙazantar kwarin matashi, sai ka ga baƙin ruwa mai danƙo da wari irin na mushe, matashi ya yi laushi yana marmashewa. Ƙwayoyin da ke kawo ta ba sa rayuwa inda iska ke shiga, suna son wuri mai laima da aka toshe da kashi. Dubi turkenmu. Doki yana ɗaure wuri ɗaya shekara da shekaru, ya haƙa rami da ƙafafunsa na baya, fitsarinsa kuwa a yini ya kan kai lita 5 zuwa 10, duka nan yake taruwa. Shi ya sa ta fi kama ƙafafun baya. Da fari ba ta sa ɗingishi, sai mai doki ya raina ta, har ta ci ta kai nama mai rai.

Maganinta rabinsa aikin tsintsiya ne da kwando. A cike ramin, a ɗaga wurin tsayuwa ya yi gangare, a zuba busasshen yashi, a kwashe kashi safe da yamma, in da fili a sauya wa turke wuri. Mai gyaran kofato ya yanke ruɓaɓɓen ƙaho har iska ta shiga kwarin. A wanke, a busar, a jiƙa auduga da aidin a cusa cikin kwarin kowace rana har warin ya ɗauke. Ka sa maƙeri ya ƙera maka ƙugiya marar kaifi, ka riƙa kwashe tafi da ita kullum, daga dunduniya zuwa goshi. Wanda ya zuba magani ya mayar da doki cikin ramin fitsari ya yi asarar aidin.

Akwai wata mai kama da ita wadda ta fi ta sharri. Ita ba cin matashi take yi ba, tsiro take sa shi, ya yi fari-fari yatsu-yatsu da wani abu kamar cuku a kansa, da an taɓa sai jini. In ka ga haka ka ɗauke hannunka. Aikin likita ne ya yanke tsiron bayan ya kashe zafin wurin, jinyarta kuma tana cin makonni.

Idan hunturu ya shigo sai al'amari ya juya, ƙahon da ya sha ruwa ya bushe ya tsage. Larabawa suna ce wa tsagar bango namla. Wadda ta faro daga ƙasa yawanci barin kofato ya yi tsawo ne ya jawo ta, maganinta gyara kowane mako 6 zuwa 8 da goge bakin bango ya yi kumbo. Wadda ta faro daga rawani ta fi wuya, sau da yawa igiyar dabaibayi ce ta zame ta ci wurin, kuma muddin tabo yana rawani tsaga za ta riƙa saukowa. In tana jini ko mugunya a kai wa likita. Kada ka shafa baƙin man mota, kamar yadda na ga ana yi a waɗansu bargogi don kofato ya yi sheƙi ranar hawa. In dole sai an shafa, ɗan man kaɗe ya isa. Amma hafa, watau cinyewar kofato, ta yawaita tun da kwalta ta shiga garuruwa, domin dawakinmu galibi ba su da takalmi, hanya tana cin ƙaho fiye da yadda yake tsirowa. Hutu a kan yashi ne maganinta, ko takalmi daga wanda ya iya kafa shi.

Fasali a kan ƙurjin cikin kofato

Siffarsa ita ce doki ya kwana lafiya ya tashi ba ya iya taka ƙafa ɗaya, yana dogara goshin kofato kaɗai, har mai shi ya ce karaya ce ko sammu. Zafi da bugun jijiya a ƙafa ɗaya suke, sauran ukun lafiya. Sababinsa tsakuwa ko ƙasa ta shiga ta farin layi, ko ƙaya, ko rahsa ta rikiɗe. Rahsa ita ce ƙujewar tafi daga taka dutse, jini ya kwanta ƙarƙashin ƙaho ya yi ja. Mugunya kuwa in ta taru a fatar jiki, fata tana miƙewa ta ba ta wuri. Ƙaho ba ya miƙewa. Cokali guda na mugunya a cikin kofato ya isa ya tsayar da ingarma a kan ƙafa uku, kamar yadda ɗan ƙurji ƙarƙashin farce ke hana ƙato barci.

Nan ne huda ke da amfani. Gwani ya kan wanke tafi, ya matsa shi wuri-wuri da awartaki, inda doki ya fizge nan ne. Ya kankare kaɗan sai ya ga baƙin ɗigo a farin layi, ya bi shi da bakin wuƙa har ruwa baƙi ko toka-toka ya fito. Ƙofar kada ta wuce a sa kan tsinke mai kauri, in jini ja ya fito an wuce wuri. Sa'an nan a tsoma ƙafar a ruwan ɗumi da gishiri minti 15 zuwa 20, safe da yamma, a sa aidin, a naɗe da tsumma mai tsabta, a rufe da ƙyallen buhu don ƙasa kada ta shiga, ba tare da ɗaure igiya tamau a bisa rawani ba. Yawanci cikin kwana ɗaya ko biyu za ka ga ya taka. In ba a huda ba, mugunya ta kan bi tsakanin bango da nama ta hau sama ta fashe a rawani, doki ya sami sauƙi, amma bayan ya sha azabar kwanaki. In kwana 3 suka wuce bai taka ba, ko kumburi ya hau ƙafa, ko ya bar cin abinci, magana ta wuce gida.

Idan ka ce, me ya sa ba za a yi masa allurar kashe ƙwayoyin cuta kawai a huta ba? Sai in ce, allura jini ke kai ta, jini kuwa ba ya shiga tsakiyar mugunyar da ke kulle cikin ƙaho. Idan ka ce, to sakiya fa, wadda iyayenmu suka gada? Sai in ce, manufarsu daidai ce, watau fitar da mugunya, amma jan ƙarfe yana ƙona naman da ke haifar da ƙaho, mataccen nama kuwa shi ne shimfiɗar ciwon da zan ambata yanzu. Wuƙa mai tsabta tana biyan bukatar ba tare da wannan ba.

Tanbihi a kan ƙusa da ciwon sandarewa

Ƙusa, da waya, da ƙayar aduwa, da tushiyar kara bayan girbi, duk suna huda tafi. In hudar a gefe take kusa da bango, hukuncinta hukuncin ƙurji. In kuwa a tsakiyar matashi take ko cikin kwarinsa, ka ɗauke ta kamar mashi a ciki, domin bisa wannan wuri kaɗan akwai babbar jijiyar da ke lanƙwasa ƙafa da jakar ruwan gaɓa. In cuta ta shiga nan, kwana ɗaya ko biyu na jinkiri su kan raba doki da tafiya har abada. In likita yana kusa, ƙusar kuma ba ta fito waje yadda taku zai ƙara tura ta ba, a bar ta a wurinta har a ɗauki hoto a ga inda ta kai. In tilas a cire, ka yi wa wurin alama, ka lura da inda ta nufa, ka adana ƙusar ka nuna iyakar da ta shiga, domin matashi yana rufe bakinsa nan take kamar ba a huda shi ba. Akwai asibitin koyarwa na dabbobi a jami'o'in Zariya da Sakkwato da Maiduguri.

Kowace huda a kofato ƙofa ce ga ciwon sandarewa, wanda ake ce wa sarƙe-haƙora, a asibiti tetanos. Ƙwayarsa tana zaune cikin ƙasa da kashin dabbobi, doki kuwa yana cikin dabbobin da suka fi saurin kamuwa. Ya kan bayyana bayan mako 1 zuwa 3, sa'ad da an manta da raunin. Doki ya ƙage kamar itace, kunnuwa a miƙe, wutsiya a ɗage, wata farar fata ta riƙa rufe ido in an tafa hannu, muƙamuƙi ya kulle. Mafi yawan waɗanda ya kama ba sa tashi. Ka auna fa hankalin wanda ke cusa kashin shanu cikin huda da sunan magani. Rigakafinsa an same shi tun shekarun 1920: allura biyu, tsakaninsu kamar mako 4 zuwa 6, sa'an nan a riƙa sabuntawa yadda likita ya tsara. Kuɗinta bai kai na jalala ɗaya ba. Dokin da ba a yi wa ba, in ya sami huda, akwai wata allura ta gaggawa da ake yi masa ran nan.

Fasali a kan hamar, ita ce babbar musiba

Larabawa sun ce hamar ciwo ne da ke kama dabba daga yawan cin sha'ir. Mu sha'ir ɗinmu dawa ce da gero da masara. Lokacinta a ƙasarmu sananne ne: Salla ta matso, doki ya yi watanni a turke yana cin harawa, mai shi yana son ya fita hawa da ƙiba da sheƙi, sai a ninka masa hatsi dare ɗaya. Ko kuwa ya kwance da dare ya sami buhu a buɗe.

Ga yadda take aukuwa. Tumbin doki ƙarami ne, lita 8 zuwa 15, kuma doki ba ya amai. An halicce shi ya ci ciyawa kaɗan-kaɗan yini duka. In hatsi ya yi yawa a ci ɗaya, ƙaramin hanji ya kasa narkar da shi, balle dawa da masara da ba a ɓarza ba, sai ya wuce babban hanji ya yi tsami kamar ƙullun da ya kwana. Tsamin ya kashe ƙwayoyin kirki da ke narkar da ciyawa, ya ƙone bangon hanji, dafi ya shiga jini. Bayan kwana 1 zuwa 2 sai ganyayen nan da ke rataye da ƙashi su fara saki. Nauyi yana dannawa daga sama, babbar jijiya tana ja daga baya, sai ƙashi ya karkata, bakinsa ya nufi tafi. In abin ya tsananta ya kan huda tafin ya fito. Muna neman tsari.

Alamarta ba ta ɓuya ga wanda ya taɓa gani. Ƙafafun gaba biyu ne tare, wani lokaci huɗun. Doki ya miƙa na gaba can gabansa ya dogara da dunduniya, ya shigar da na baya ƙarƙashin ciki, kamar wanda aka ja wa linzami zai yi zamiya. Yana sauya ƙafa, yana ƙin juyawa, in ka nemi ɗaga ɗaya ya ƙi, domin ɗayar ba ta iya ɗaukar nauyin. Zafi da bugun jijiya a ƙafa biyu. Bugun zuciyarsa, wanda a hutu yake 28 zuwa 44 a minti, ya hau. To ka gwada da ƙurji: shi ƙafa ɗaya, ita biyu; shi doki yana dogara goshi, ita yana gudun goshi. Wanda ya ɗauki wuƙa ya shiga haƙar tafi yana neman mugunya a hamar ya rarake abin da ya rage tsakanin ƙashi da ƙasa. Wanda ya ce a zagaya da shi don jini ya gudana yana yage sauran ganyayen da kowane taku.

Abin yi shi ne, da ka tarar ya ci hatsi fiye da ƙima, kada ka jira ɗingishi. Aika a kira likita, shi ne zai sa tiyo ta hanci zuwa tumbi ya ba da abin da zai rage dafin. Kai kada ka ɗaga kansa ka ɗura masa mai, domin in ya shiga huhu ya kan kashe. Ka janye hatsi da dusa duka, ka bar masa busasshiyar ciyawa da ruwa. Ka tsayar da ƙafafunsa cikin ruwa da ƙanƙara har kusa da gwiwa, ba tare da yankewa ba, awa 48 zuwa 72. Malam Pollitt da abokin aikinsa van Eps, na Jami'ar Kwinsland a Ostareliya, sun nuna a 2004 cewa ƙafar da aka sanyaya haka tun kafin ciwo ya bayyana ta kan tsira daga mafi yawan ɓarnar, ƙafar doki kuwa tana jure sanyin da tamu ba ta jurewa. Ƙanƙara tana da tsada, amma a lissafa da kuɗin doki. Inda babu ita, ruwan randa da ake sauyawa ya fi babu, ko da yake bai kai ta ba. In ɗingishi ya riga ya zo, a zuba masa yashi mai laushi zurfin taƙi guda, ya nutsa kofato yadda ya so, ya kwanta in ya so, kada a tashe shi. Hutun makonni ne, wani lokaci watanni.

Maganin zafi irin fenilbutazon rahama ne a hannun likita, domin yana sa doki ya ci ya kwanta. In an wuce ƙima yana gyambace hanji ya lalata ƙoda. Mafi munin amfani da shi kuwa shi ne a yi wa doki allurarsa da asuba don ya fita hawa. Zafin nan shi ne ke hana shi taka abin da ke yagewa. An ɗauke zafin, an ɗora masa sirdi da lifidi da mutum, an yi jahi a kan kwalta, da yamma a ce ƙaddara. Ni ban ga wannan ba face zalunci ga dabbar da ba ta da bakin kai ƙara.

Hatsi ba shi kaɗai ne ƙofarta ba. Ƙiba ma ƙofa ce, wadda ke tara kitse a doron wuya har ya yi tauri, abin da masu doki ke yabo. Irin wannan doki insulin ya kan yi yawa a jininsa, an kuma nuna a 2007 cewa yawan insulin shi kaɗai yana saki ganyayen kofato. Haka goɗiyar da ta haihu mabiyiya ba ta faɗo ba har awa 3, kada a ja ta da hannu, a kira likita a daren. Haka dokin da ya daɗe a kan ƙafa uku saboda ƙurji ko karaya, lafiyayyar ƙafar ta kan gaji ta saki. Wannan ma dalili ne na gaggauta huda ƙurji.

Ƙa'idar ciyarwa kuwa: doki mai nauyin kilo 350 kada hatsinsa ya wuce kilo 1 da rabi a ci ɗaya, a ɓarza shi, a raba sau biyu ko uku. Ka auna mudun garinku a sikeli sau ɗaya ka san nauyinsa, domin mudu ya bambanta daga kasuwa zuwa kasuwa. Ciyawa da harawa su ne asali, kada su gaza kilo 5 zuwa 6 a yini. Duk ƙari a yi shi a hankali cikin kwana 10 zuwa 14, tare da fita motsa jiki. Mai son doki ya yi kyau ran Salla tun watanni biyu kafin ta zai fara.

Mas'ala a kan saye da sayarwa

Dokin da ya taɓa hamar ya kan miƙe, amma kofatonsa yana riƙe da labarin, kuma ta kan dawo. In ka je Maigatari ko Mai'aduwa ko wata kasuwa, kada ado ya ɗauke maka ido, sunkuya. Za ka ga zobba a jikin bango, sun matsu ta goshi sun buɗe ta dunduniya. Zobban da sauyin abinci ke kawowa a jere suke daidai, ba su da wannan buɗewa. Goshin kofato ya lotsa ya ɗaga baki, tafi ya baje ko ya turo waje, farin layi ya yi faɗi ta gaba. In ka ga an goge bango da magagari an shafe shi da baƙi, ka tambayi dalili.

Wannan aibi ne da ke rage kuɗi, wajibi ne mai sayarwa ya bayyana shi in ya sani, ɓoye shi da magagari ko da allura algus ne, mai saye kuma yana da ikon mayarwa in ya tabbata aibin ya riga ciniki. Amma tabbatarwa gaban alƙali tana da wuya, dillali kuma ya riga ya tafi. Abin da ya fi sauƙi shi ne ka sharɗanta hiyari tun wurin ƙulla ciniki, gaban shaidu. Malamanmu sun ba da kamar kwana 3 a dabba, ƙarfin allurar zafi kuwa ya kan gushe cikin kwana ɗaya zuwa biyu. Ka ɗaure shi wurinka ko wurin amintacce, kada kowa ya ba shi komai sai ciyawa da ruwa. Safiyar rana ta uku ka taɓa kofatansa huɗu kafin rana ta fito, ka sa a ja shi a kan ƙasa mai tauri, a juya shi a ƙuntataccen wuri dama da hagu, sa'an nan ka zartar da ciniki ko ka mayar.

Tamat.